Zanen da ke Bayan Kalanda

Babana bai taɓa jefar da takarda mai farin baya ba. Ambulan, katin gayyata, kwalin sabulu, duk sai ya juya ya duba, in bayan fari ne ya ninke ya sa aljihu. Fensir ake ce masa a unguwa, saboda guntun fensirin da ba ya barin bayan kunnensa. Umma ta rantse ya taɓa shiga wanka da shi. Mai zane ne, amma ba irin masu zana fuskokin manya a rataye a falo ba. Shi cikin jikin mutum yake zanawa: ido an tsaga shi biyu, kunne da duk lungunansa, zuciya, huhu, ƙasusuwan hannu, da baki a buɗe ana ganin haƙora. Manyan zane shida ke nan, irin waɗanda ake mannawa a bangon aji. Duk wanda ya yi firamare a garinmu ya zauna a ƙarƙashinsu, ko bai san mai su ba.

Shekara tara ya yi yana ɗaukar albashi a wata babbar madaba'a, a ɗakin zane da ke sama da injuna, inda teburi ke rawa duk lokacin da aka tayar da babban inji. Da kwamfuta ta shigo aka ce an gode masa. Bai yi gardama ba, shi ba ya gardama, ni ce na kwaso faɗan gidan duka. Ya kama wani ɗan shago a layin masu sayar da littattafai, ya zauna ya sake zana shidan nan da ka, ya riƙa kai wa wani mai ƙaramin inji yana buga masa. Yakan naɗe su a cikin dogon bututun kwali, ya ɗaure a bayan keke, ya bi makarantu. Shekara ashirin muna ci daga wannan bututun. Tsohon mai madaba'ar ya sani sarai, suna ma gaisawa a hanya, bai taɓa ce masa uffan ba.

Tsohon ya rasu, ɗansa ya dawo daga karatu ya hau kujera. Manaja ake ce masa, kuma ya ɗauki sunan da gaske.

Ni shagon fotokwafi gare ni, kusa da wata kwaleji. Kada a tambaye ni littattafan mutane nawa na kwafe daga bango zuwa bango, don ban taɓa kawo wa raina cewa akwai wani mai su a wani wuri ba. Ran nan da rana tsaka, ɗalibai sun cika shagon, sai ga Baba ya jingine kekensa a ƙofa, bututun na nan a ɗaure da nauyinsa. Ya jira layi kamar baƙo. Da ya iso gabana ya miƙo wata takarda.

"Uwata, yi mini kwafi ɗaya. Ta shugabar makaranta ce, na ce zan mayar mata."

Na karanta tun kafin in ɗora a kan gilashi. Wasiƙa ce daga madaba'ar zuwa ga dukan shugabannin makarantu. Ta ce zanen jikin mutum guda shida mallakin kamfanin ne, aikin marigayi shugaban ɗakin zanensu. Ta ce wani mutum da ake kira Fensir yana satar fasahar marigayin yana sayarwa, kuma duk makarantar da ta saya ta sayi kayan sata. Matar da ta ba shi wasiƙar ta shekara goma sha biyar tana saye a wurinsa. Ranar ko kujera ba ta ba shi ba.

Na kori ɗaliban, na rufe ƙofa, na fara zage-zage. Marigayin da ake magana Mai Tabarau muke ce masa muna yara. Aikinsa ya duba, ya sa hannu, ya aika ƙasa a buga. Allah ya jiƙansa, amma ko da'ira ba ya iya zanawa sai da bakin kofi. Sunansa ne aka sa ƙanana a ƙasan zanen kamfanin tun farko, don shi ne shugaba, Baba kuma bai taɓa damuwa ba. Na gama ruwan bala'ina, Baba na zaune a kan kwalin takardu yana kallon wasiƙar.

"Ba kuɗin ba ne," ya ce. "Ɓarawo fa suka ce. Yaran da na gani suna aji ɗaya su ne malamai yanzu. Duk sun karanta wannan."

Akwai wata lauya da nake yi wa kwafin takardu, doguwa, ba ta dariya sai da dalili. Washegari muka je ofishinta. Ta bincika ta ce kamfanin ya riga ya kai maganar ofishin da ke kula da haƙƙin mallaka, za a zauna gaban mai sasanci nan da kwana goma. Ta yi mana bayani dalla-dalla. In Baba ya zana su kafin ya shiga kamfanin, nasa ne, su ne ma za su ba shi haƙuri. In kuwa yana ma'aikacinsu ya zana, a cikin aikin da ake biyansa dominsa, to takardar ɗaukar aikin da ya sa wa hannu ta ba su kome, ko da da jininsa ya yi tawadar.

"Saboda haka tambaya ɗaya ce, Baba. Yaushe ka zana su?"

"Kafin in shiga," ya ce, ko tunani bai tsaya yi ba. Ya nuna ni da haɓa. "Ga shaida nan zaune. Bakin nan da ke cikin zanen nata ne. Lokacin ta zubar da haƙoran gaba, shekararta bakwai. Na zaunar da ita a kan kujera tana kuka ina lallashinta da alewa. Ni kuwa sai da ta shiga takwas na fara aiki."

Na gyaɗa kai da ƙarfi. A gidanmu haka ake lissafin shekaru: lokacin da wance ta fara tafiya, lokacin da wance ta yi famfara. Ni ma na tashi da labarin nan. Tun ina aji biyar nake nuna wa ƙawayena bango ina cewa bakina ne wancan, har duka na taɓa yi a kai.

Lauya ta ce madalla, amma labarin alewa ba ya shiga fayil. A nemo mata zanen farko, mai goge-goge da gyare-gyare, wanda ke nuna hannun da ya fara ƙirƙira. Masu tsabtar Baba ya miƙa wa kamfani tun tuni. Na farkon kuwa bai san inda suka shiga ba.

Kwana bakwai muna nema. Mutumin da ba ya jefar da takarda, ka san abin da za ka tarar. Akwatuna huɗu a ƙarƙashin gado, buhu biyu a shago, wasu a saman silin ɓeraye sun yi gida. Na ga zanen kaza, na ga taswirar unguwa, na ga fuskata ina jaririya a bayan takardar magani. Babu ido, babu kunne, babu baki. Kowace safiya Baba ya fita da keke, kowace yamma ya dawo da bututun yadda ya fita da shi. Ya rage cin abinci. Ya hana a gaya wa Umma saboda hawan jininta, sai muka ce mata gyaran ɗaki muke yi, ita kuma ta bi mu da ido kawai.

Ranar Asabar da safe, saura kwana uku, Umma ta same ni a tsugune cikin ƙura.

"Ke, ni ba yarinya ba ce. Me kuke nema ke da ubanki kamar an zubar da allura?"

Na gaji, na gaya mata duka. Ta saurara, ta kama haɓa.

"Masu idon nan da kunne? Masu kauri? Ai suna cikin kabad."

Kabad ɗin tangaran take nufi, mai ƙofar gilashi, wanda ba a buɗewa sai an yi baƙi na musamman. Kusan shekara talatin da suka wuce ta rasa abin da za ta shimfiɗa a kan katakon, ta ga takardu masu kauri a teburin Baba, ta kwashe. Muka fara sauke farantai ɗaya bayan ɗaya, ina gaggawa har ta ce in matsa kada in yi mata ɓarna. A kanta ta farko ido ya bayyana, da zoben gindin faranti a tsakiyarsa. A ta biyu kunne da zuciya. Duk shidan suna nan, sun yi ruwan ƙasa, ga layukan fensir an goge an sake, ga rubutun Baba a gefe. Na ƙwalla masa kira har maƙwabta suka leƙo.

Ya shigo ya tsaya. Bai taɓa su ba, sai ya goge hannunsa a riga tukuna. Ya ɗauki na bakin ya ɗaga wajen taga.

"Ga ki nan, Uwata."

Umma ta leƙo ta kafaɗarsa.

"Wace Uwata? Malam, wannan ai bakin Auta ne."

"Wace Auta kuma?"

"Autarka mana. Dubi haƙorin ƙasan nan da ya ɓalle a gefe. Ranar da ta faɗo daga dokin ƙofa ne. Wannan," ta nuna ni, "haƙoranta lafiya lau suka fito, sai dai bakin ne ba ya rufuwa. Ita ka zaunar da farko, ta cije maka yatsa ta gudu, ba ka zana kome ba. Sai da Auta ta yi tata famfarar ka samu mai zama."

Auta ƙanwata ce, na ba ta shekara uku. In a bakwai ɗinta aka yi zanen, to ni ina da goma, Baba kuma ya shekara biyu yana hawa benen madaba'a. Na karɓi takardar na juya bayanta.

Kalanda ce. Ga sunan madaba'ar da manyan haruffa a sama, ga shekara, ga wata, irin wadda suke raba wa ma'aikata. Baba da rowar takarda, da wata ya ƙare sai ya yage shafin ya yi zane a baya. A tsakiyar kwanakin kuma an zagaye wata Litinin da jan biro, an yi rubutu a karkace: "Fensir, bakin nan naka ya yi kyau ƙwarai. Ka kawo mai tsabta ranar nan." A ƙasa sa hannun Mai Tabarau.

Umma ta dube ni ta dube shi, ta ce, "Na yi ɓarna ne?" Abin da muka kwana bakwai muna nema ga shi a hannu. Marigayin da kansa ya rubuta cewa zanen na Baba ne, kuma rubutun nan ɗaya ya nuna aikin ofis ne aka ba shi. Ni har da wani ƙaramin baƙin ciki na daban, wanda nake jin kunyar faɗa: kusan shekara talatin ina fariya da bakin ƙanwata.

Dabarar tawa ce, ba zan ɗora wa kowa ba. Na ce takarda fuska biyu gare ta, injina kuma ɗaya yake gani. Ranar Lahadi da hantsi na buɗe shago ni da shi kaɗai. Na kwantar da zanen bakin a kan gilashi na danna. Kwafin farko ya fito da inuwar lambobin kalandar daga baya, har jan biron ya nuna kamar tabo. Na rage duhu, na sa baƙin kwali a bayan takardar, na sake. Na uku ya fito fes: haƙora, goge-gogen fensir, zoben faranti, babu rana babu wata. Aikina ne, na iya shi. Baba na tsaye a bayana, hasken injin na wucewa ta fuskarsa yana dawowa.

"Ba ƙarya za mu yi ba," na ce masa. "Kai ka zana ko ba kai ba?"

"Ni na zana."

"To shi ke nan. Ranar zama ka faɗi abin da ka faɗa wa lauya, ka yi shiru. Shekara ashirin mutanen nan ba su tuna da kai ba sai yanzu? Me za ka sayar in sun ƙwace? Maganin Umma fa?"

Ya tattara na asalin ya ce zai mayar wa Umma kayanta. Na kai wa lauya kwafin, na ce mata na asalin sun manne da katakon kabad, in an ɓamɓare za su yage. Ta dube ni ta saman takardun har sai da na sha jinin jikina, sannan ta ce kwafi ba shi da ƙarfi, amma za ta gwada.

Ɗakin zaman ƙarami ne, a hawa na biyu, da doguwar tebur da fanka mai ƙara. Mai sasancin dattijo ne mai furfura, yana rubutu a hankali kamar ba shi da wani wurin zuwa. Manaja ya zo da lauyansa, wani mai ƙamshin turare da murya mai laushi. Baba ya sa rigarsa ta fita, ya taho da bututunsa na kwali, ya jingine shi a ƙafar kujera. Ban kawo kome ba, don ko asibiti da shi yake zuwa.

Lauyarmu ta shimfiɗa kwafin shida. Mai sasanci ya duba su ɗaya ɗaya, ya daɗe a kan idon. Na fara samun numfashi. Sai mai turare ya jawo ɗaya da yatsa biyu.

"Aiki mai kyau. Ranka ya daɗe, mutumin da ya shekara ashirin yana kwaikwayon zanen marigayi, zai gagare shi ya zauna shekaranjiya ya yi wannan? Ya ɗan goge nan, ya ɗora kofi can?" Ya juyo gare ni yana murmushi. "Na ji an ce 'yarsa shagon fotokwafi gare ta. Ko ba haka ba, Hajiya? Ina na asalin?"

Kunya ta rufe ni. Na zo in wanke ubana, na ƙara masa wani zargin a kan na farko. Lauyarmu ta faɗi maganar mannewa da katako, muryarta ba ƙarfi. Mai sasanci ya rubuta wani abu. Baba na kallon tebur.

Nan Manaja ya gyara zama ya ce shi ba ya son a wulaƙanta dattijo, mahaifinsa ma ya san shi. Ya zaro wata takarda da aka riga aka buga. Za su bar Baba ya ci gaba da sayarwa ga ƙananan makarantu har ƙarshen ransa, ba za su karɓi kome ba. Sharaɗi ɗaya ne: ya sa hannu cewa zanen aikin marigayi ne, shi kwafa ya yi, kuma ya nemi afuwa.

Lauyarmu ta sunkuyo ta ce a hankali, "Baba, da abin da ke hannunmu, wannan ba mugun tayi ba ne." Ni ma na matso. Abin na yi mini zafi, amma na tuna bututun da ke dawowa cike kowace yamma.

"Baba, ka sa hannu. Mu mun sani. Allah ya sani. Takarda ce kawai."

Manaja ya turo biro. Baba ya jawo takardar, ya karanta ta tun daga sama har ƙasa yana bi da yatsa, fankar nan na ta ƙara a kanmu. Ya kai wajen da aka bar masa fili. Ya dube shi. Sai ya sunkuya ya ɗauko bututun, ya cire murfin.

"Baba," na ce. Na riƙe masa hannun riga. Ya zame a hankali.

Ya zaro su a naɗe, ruwan ƙasa, suna warin kabad. Ya shimfiɗa na bakin a gaban mai sasanci, ya danne gefe da wayar Manaja ba tare da ya nemi izini ba.

"Ranka ya daɗe, ba su manne da kome ba. Yarinyar tsoro ta ji mini, kada a ga laifinta. Ni ma na yi kuskure, na gaya wa lauyata kafin in fara aiki na zana. Na ɗauka bakin babbar ne, ashe na ƙaramar ne, uwarsu ta tuna mini." Ya juya takardar da hannunsa. "Ga bayan. A karanta jan rubutun."

Mai sasanci ya gyara tabarau ya karanta a fili, har sunan wanda ya sa hannu. Ya tambayi Manaja ko ya san hannun. Manaja ya daɗe yana kallo, ya ce ya sani, yana cikin tsofaffin fayilolinsu duka. Mai turare kuwa ya riga ya hango shekarar da ke saman kalandar, murmushinsa ya dawo ya fi na da faɗi.

"Malam," mai sasanci ya ce, "ka fahimci abin da wannan takarda ta yi maka? Ta nuna kai ka zana. Ta kuma nuna a bakin aikinsu ka zana."

"Na fahimta. Kwana uku ina fahimta."

"Tayin nan da aka yi maka ya fi abin da zan iya ba ka."

"Su riƙe zanen, in doka ta ce nasu ne. Ni dai a rubuta wanda ya zana. Kuma wasiƙar nan da aka aika makarantu, a aika wata ta bi ta."

Lauyarmu ta yi iya ƙoƙarinta. Ta ce a gida ya zana, da yamma, da fensirinsa, 'yarsa ce a kan kujera. Mai turare ya ɗaga jan rubutun kawai. Na dubi Manaja na ce to tayin fa, ai yanzu ya ga gaskiya, ya bar tsoho ya ci abinci. Ya tattara takardarsa ya ce an kunyata kamfaninsa a gaban hukuma, babu sauran tayi. Abin da na faɗa masa a kan matakala ba zan rubuta shi nan ba. Lauya ce ta ja ni.

Haka aka rufe. Zanen shida na kamfani ne. Baba zai daina bugawa, ya miƙa abin da ya rage a shago. Kamfani zai cire sunan marigayi ya sa nasa a bugu na gaba, ya kuma rubuta wa makarantu cewa ba sata ya yi ba. Kalandun an riƙe su a fayil. Da za mu fito mai sasanci ya ce Baba na da damar zana sababbi ya sayar, ido da kunne ba na kowa ba ne, muddin ba su yi kama da waɗancan ba.

Muka kamo hanya ni da Baba. Yana tura keke, bututun ba kome a ciki yana ƙwanƙwasa ƙarfe. Sai da muka kusa gida na fashe.

"Ka san abin da ka yi? Ka ba su da hannunka!"

"Da na sa hannu a waccan, Uwata, da me zan je in ce wa shugabar makarantar nan? In ce ga kayan marigayi na kawo?"

Wasiƙa ta biyu ta fita bayan wata guda, layi huɗu, a bushe. Shugabar makarantar ta aiko da tata gida. Wannan karon Baba bai ce in yi kwafi ba, ya ce ta asalin yake so. Shagon ya koma sayar da biro da littattafan rubutu, ni da Auta muka ɗauki maganin Umma. Auta da ta ji labarin bakinta, sati guda tana kirana tana yi mini dariya.

Sababbin zanen ne suka gagara. Ya sayi takarda da kuɗinsa, abin da bai taɓa yi ba, ya zauna a tsakar gida. Ya juya idon ya kalli hagu, ya sauya kaurin layi, ya gwada launin da ba ya so. Kowanne ya gama sai in kai wa lauya, ta ɗora shi kusa da tsohon ta girgiza kai. Yadda yake lanƙwasa jijiya, yadda yake sa inuwa a ƙarƙashin harshe, duk suna nan. Shekara arba'in hannun ya yi yana koyon hanya ɗaya, yanzu an ce ya zana kamar wani.

Wata Juma'a da yamma na tarar da shi ya gama wani bakin. Jikarsa ya zaunar, 'yar Auta, wadda ta fara famfara. Ya ɗaga mini.

"Faɗi gaskiya. Ya yi kama da nawa?"

Na so in yi masa ƙarya, amma na riga na gwada sau ɗaya.

"Sak, Baba. Ko daga bakin ƙofa an san kai ne."

Ya daɗe yana kallonsa. Ya zaro fensirin daga bayan kunne, ya rubuta sunansa a ƙasa da manyan haruffa, da rana da wata da shekara, da sunan mai bakin. Sannan ya ɗaga murya wajen kicin yana kiran Umma.

"Kina ina? Zo ki karɓa. Tun da aka kwashe waɗancan, farantanki a kan katako suke zaune."